Azumin da Ba a Ɗora Mini Ba

Kun sha jin ana cewa kuna da wa da ya rasu yana ƙarami, daga nan sai a sauya magana. Sunansa Lawali. Wata goma sha huɗu ya yi a duniya, yana da haƙora shida, yana tsoron zakara, in ya yi dariya sai ya kama kunnensa. Na yi niyyar tsallake wannan shekara a rubutuna, abin da na gani ranar sunan jikar Rakiya ne ya hana ni. Dela, ƙanwar babanku, wadda yanzu sai an riƙe ta take tashi, ta dafa kafaɗar Rakiya a gaban baƙi tana dariya, ta ce ai wannan ce ta ture wanta daga nono ta zauna. Rakiya, mace da furfurarta da jikokinta, ta yi murmushi ta sunkuyar da kai kamar an kama ta da sata. Ashe tun tana yarinya ake gaya mata haka a bayan idona, ita kuma ta ɗauka ta riƙe. To ku ji daga bakin wadda ta tsaya a wurin. Rakiya, wannan babin naki ne, ƙannenki su karanta bayan kin gama.

Sunana ya riga ni isa gidan su babanku: 'yar lakol, wato 'yar makarantar boko. Babana, mutumin Tibiri, ya sa ni makaranta lokacin da wasu ke ɓoye 'ya'yansu mata cikin rumbu in an zo ɗaukar yara, har na wuce babbar makarantar 'yan mata can yamma, bakin kogi. A can wata Madam ta koya mana ɗinki da tsabta da renon jarirai, muna rubutawa a kaye, wato littafin rubutu, nawa mai shuɗin bango. Babanku tela ne a kasuwar Cadawa kuma manomi, ni na ce ina son sa. Amma a ƙauyensu, tafiyar hantsi daga Cadawa, ba a taɓa kawo amaryar da ta san boko ba. Kafin in zo an gama shari'ata a bakin rijiya: 'yan lakol suna kiran sunan miji, suna cin abinci gaban surukai, suna kallon babba cikin ido. Uwar mijina, wadda muke ce wa Iya, abin da ta faɗa kawai shi ne za mu gani. Maganar ta shiga jikina. Na yi wa kaina alkawari sai na fi kowace mace a garin kunya, kuma na fi su. Shekara guda Iya ba ta ga haƙorina ba.

Ku da kuke ɗaga 'ya'yanku na fari sama kuna kiran sunansu gaban kowa, dole in yi muku bayani. A lokacinmu uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, sai dai ta ce yaron nan, ko wancan. Ba ta yi masa wasa a idon mutane. In ya yi kuka gaban surukai sai ta yi kamar ba ta ji ba har wani ya ɗauko shi ya miƙa mata, ta ba shi nono fuskarta na kallon danga. Uba ma haka. Ɗan fari na kakanni ne. Sauran mata suna yin wannan da sassauci, su saci jiki su yi abin da za su yi, kowa ya kau da kai. Ni kuwa na ɗauke shi kamar darasin jarrabawa. A ɗaki kaɗai, in na sauke asabari, nake shinshina kansa in raɗa masa sunansa a kunne, shi kuma ya kama hancina.

Da damina ta faɗi, shekarar da Faransa ta miƙa ƙasa, na gane ina da ciki, ga Lawali bai kai yaye ba. Rurrutsa ake ce wa wannan, kuma a wurin mutanenmu babu abin kunyar da ya fi shi ga matar aure, don ya nuna ke da mijinki ba ku iya haƙuri ba. Aure ne, halal ne, babu malamin da zai ce an yi zunubi, amma je ki gaya wa matan bakin rijiya. Har waƙa 'yan mata suka yi mini. Babanku kuwa abokansa teloli suka sa shi gaba a rumfa har ya daina cin abinci tare da su. Ranar da Iya ta tabbatar, ta shigo ɗakina, ba ta dube ni ba, ta ɗauki Lawali daga kan gado ta goya shi ta fita. Sun yarda nonon mai ciki guba ne ga na goye. Ba a rage masa a hankali ba. Da safe yana sha, da rana an raba mu. Sashen Iya yana cikin gida ɗaya da namu, dangar kara ce kawai tsakani. Ina daka ina jin kukansa, ina salla ina jin sa. Ƙirjina ya cika ya yi tauri, in zagaya bayan ɗaki in matse in zubar a ƙasa.

Kunu da fura ake ba shi, da ruwan tabki, don da damina ba mai wahalar jan rijiya. Kwana goma sai gudawa. Iya tana son yaron, kada wani ya ce muku ba ta so. Ta nemo saiwoyi, ta karɓo rubutu, ta shafa masa magani a maɗiga da ta ga ta faɗa. Sai dai ta hana shi ruwa, don a saninsu ruwa ne ke ƙara gudun ciki. Ni kuma a kayena, da rubutun hannuna, an ce yaro mai gudawa ƙishirwa ke kashe shi: a tafasa ruwa a riƙa ba shi cokali-cokali ba a dainawa, in ido ya faɗa a kai shi likita ba jira. Na haddace wannan, na ci jarrabawa da shi. A makon ne aka yi bikin 'yancin kai. Maza duk sun tafi Cadawa kallon sabuwar tuta, babanku ya yi kwana uku kan keken ɗinki yana yi wa 'yan lakol ƙananan tutoci, in iska ta juyo har ƙauyenmu ana jin ganguna. Ƙasa guda ta samu bakin magana, ni ina tsaye bayan danga ina leƙen ɗana ta tsakanin karare.

Rana ta uku da ciwon na tafasa ruwa, na bari ya huce, na zuba a ƙwarya mai tsabta, na sa ƙaramin ludayi, na zagaya. Mata huɗu na tarar a inuwar rumbu suna gyaran rama: Iya, da Dela, da maƙwabta biyu. Lawali na kwance a cinyar Iya. Idanunsa sun shige ciki, leɓɓansa sun bushe, ko kuka ba ya iyawa. Ya gan ni, ya motsa hannu. Dela ce ta fara magana. A lokacin budurwa ce, kuma akwai wasa tsakanin ƙanwar miji da matar wa, tana da damar faɗin abin da ta ga dama.

"Yau kuma 'yar lakol da kanta ta zo ganin ɗan fari? Ko nonon ne kika tatso mishi a ƙwarya?"

Maƙwabtan suka yi dariya, ɗaya har da rufe baki da gefen zane. Iya ba ta yi ba. Ta ɗago ta dube ni, ta ce mi na kawo. Ga ɗana taku uku daga inda nake, ga ruwa a hannuna, ga abin da zan faɗa na shirya shi tun safe. Sai na ji bakina yana cewa:

"Ruwa ne, Iya. Na ce ko kuna jin ƙishirwa."

Iya ta karɓa ta sha, ta sa mini albarka, ta miƙa wa ta kusa da ita. Ina tsaye suka shanye shi su huɗu. Dela ta ce ruwan 'yan lakol ba daɗi, warin hayaƙi gare shi. Na karɓi ƙwaryata na juya.

Da magariba da na kai wa babanku tuwo, na ce an ce gobe anfirme, mai allurar nan na Maradi, zai zo kasuwar Cadawa. Ya ce haka ya ji. Na ce yaron nan na wajen Iya jikinsa ya yi nisa. Ya ce Iya ta reni 'ya'ya bakwai, da wane ido zai je ya karɓi ɗan fari daga hannunta, bayan abin da muka jawo. Ya rufe tuwon bai ci ba ya fita masallaci. Ban rubuta wannan don ku ƙi babanku ba, Allah ya jiƙansa; abin da ya ɗaure ni shi ya ɗaure shi. Amma ai ƙafa gare ni. Da safe na ɗaura zanen fita, na ɗauki zanen goyo, na tsaya bakin ƙofa har rana ta yi sama, sannan na koma na kwance zanen na ɗauki taɓarya. Lawali ya cika washegari da la'asar. Daga shirun da na ji bayan danga na gane.

Uwar ɗan fari ba ta kuka gaban mutane, ban yi ba. Masu gaisuwa suna shigowa suna tarar da ni kai a ƙasa, ido a bushe. Sai yabo ya fara. Wata ta ce ko ɗiyar malamai ba ta kai wannan yarinya kunya ba. Wata ta ce tun da yaron ya kwanta sau ɗaya aka ga ta zagayo, shi ma ruwa ta kawo wa surukarta. Iya da kanta, gaban mata cike da tsakar gida, ta ce ta yi zaton lakol ta ɓata ni, ashe ɗiyar mutunci aka kawo mata. Abin da na shekara biyu ina nema ke nan, aka ba ni shi a kan tabarmar makokin ɗana. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci kamar jiya aka yi. Wace irin tarbiyya ce za ta sa a yaba wa uwa don ta bar ɗanta da ƙishirwa? Na yi karatun allo kafin lakol, na zauna gaban malamai bayanta, ban taɓa jin inda addini ya hana mace kiran sunan ɗanta ko ɗaukarsa ba. Kunyar da addini ya sani tana hana mutum aikata mugun abu. Wannan da muka gada alheri ta hana ni, muka kuma sa mata rigar addini muna tafa mata.

Amma fushin nan da kuke ji a rubutuna, a lokacin duk kaina na juya wa. Iya ba ta sani ba, matan nan ba su sani ba. Ni na sani. Da wannan magana nake tashi, da ita nake wuni. Ban bar salla ba ko sau ɗaya, amma in na yi sallama sai in naɗe tabarma in miƙe, ba na iya ɗaga hannu. In roƙi me, da wace fuska? Sai na tuna tun ina ƙarama na ji ana karantarwa cewa wanda ya kashe rai bisa kuskure zai yi azumin wata biyu a jere, in ya sha ko kwana ɗaya ya koma farko. Ban tambayi malami ko ɗaya ba, don tambaya sai da bayani, bayani kuma sai na faɗi zancen ƙwarya. Ni na kai ƙara, ni na yanke hukunci, na zauna jiran in sauka.

Rakiya, an haife ki cikin sanyi, ƙatuwa, mai gashi. Ina cikin wankan jego watan azumi ya kama, da na yi arba'in na bi sauran kwanakinsa. Washegarin ƙaramar salla na ɗauki nawa. Da farko ba wanda ya kula, an ɗauka sitta shawwal nake, bayan nan na ce ramuwa ce. Da ramuwar ta yi tsawo sai na koma ɓoyewa: in karɓi furata in shiga ɗaki, in zuba wa akuya ta bayan danga, in fito ina goge baki. Bazara ce irin wadda ƙasa ke ƙona tafin ƙafa, ga daka, ga jan ruwa. Kowace magariba in ja layi ɗaya a bangon baya na kayen nan. A mako na uku nono ya fara janyewa. Ki kama ki ja ki ja, ki saki ki yi kuka, daga baya kukan ma ya ragu. Iya ta ce baki ne, ta karɓo laya ta ɗaura miki. Ga abin da ya fi mini wuyar rubutawa. Ina ganin wuyanki yana sirancewa, na san dalili sarai, amma na ce wa kaina wannan ma cikin horon da na cancanta ne. Ke ba ki ture kowa ba, ɗiyata. Ni ce na kusa ture ki.

Babanku ne ya aika Tibiri. Bai tambaye ni komai ba, amma ya ga akuya tana ƙiba matarsa tana ƙarewa, ya ba wani direban kamyo, babbar motar gyaɗa, saƙo cewa a turo babba. Gwaggo Hajo ta zo, yayar babana. Gajeriya ce, bakinta ja da goro, ita ke karantar da matan aure a unguwarmu, ita ke wanke mata in sun rasu, kuma ba a taɓa jin ta rage murya don wani ba. Ta iso da tsakar rana kan jaki daga Cadawa, rana ta talatin da takwas a layukana. Ta gaisa da Iya yadda ya kamata, ta shigo ɗakina, ta ɗauke ki, ta ja fatar cikinki ta saki, ta ga fatar ta tsaya. Sannan ta dubi leɓɓana. Aka kawo mata ruwan baƙo, ta sha, ta miƙo mini. Na ce ina ramuwa. Ta ce ta nawa. Ta sauke asabari ta zauna bakin gado, ta ce jakin ya riga ya koma, ba inda za ta.

Na ɗauko kayen na nuna mata layukan. Ba ta karanta boko amma ta iya ƙirga. Daga nan na faɗi komai, tun daga tafasa ruwan har kwance zanen fita. Karon farko ke nan da na yi kukan Lawali, wata tara bayan an rufe shi. Ta bar ni har na gaji. Na zaci za ta ce ƙaddara ce, in yi haƙuri, kamar yadda kowa ke cewa.

"Kin yi laifi, Mariyama," in ji ta. "Ba zan ce miki ba ki yi ba. Kin ji tsoron bakin mata huɗu, kin bar ɗanki. Ko da kin ba shi ruwan zai tashi ko ba zai tashi ba, wannan ba ki sani ba, ni ban sani ba, Madam ɗinki ma ba ta sani ba. Amma tsoron kin ji shi. To kin roƙi gafara?"

Na ce sai na gama sittin ɗin.

"Gawa nawa na wanke a Tibiri, ban taɓa ganin wadda ta wanke kanta sannan ta zo ba. Yadda take ake kawo ta. Ke wace ce da za ki tsarkake kanki tukuna kafin ki je gaban Ubangiji?"

Ta tambaye ni wane alƙali ya yanke mini sittin. Ta ce kaffarar da nake nufi ba ta hau kaina ba, in ban yarda da ita ba gobe ta kai ni gaban liman in ji da kunnena; kuma ko da ta hau, babu malamin da zai bar mai goyo ta yi ta a kan ran jaririya. Abin da ke kaina tuba ne, kuma wanda ya yanke ƙauna daga rahamar Allah ya ƙara laifi kan laifi. Ta ce ganin laifina ya fi ƙarfin gafararsa girman kai ne, irin na 'yan lakol da ke son cin jarrabawa ba da taimakon kowa ba. Cikin kuka sai da na kusa dariya. Sannan ta fita ta damo fura da kanta, ta ajiye ƙwaryar gabana, ta ɗora ki a cinyarta. Na ce, Gwaggo, in na sha, kwana talatin da takwas sun zube.

"Su zube. Wanda kika yi dominshi ya san inda zai aje su. Waccan rana kin tsaya da ƙwarya kin hana ɗanki don kunyar mutane. Yau ga ƙwarya, ga ɗiyarki, za ki hana ta ki ce kunyar Allah ce. Allah bai ce ki ji kunyarshi haka ba. Ɗauki."

Ban san tsawon lokacin da na yi ina kallon furar ba. Sai daga baya na gane abin da ke riƙe ni. Azumin ya zame mini wurin ɓuya. Muddin ina wahala ina ganin ban rabu da Lawali ba, ina kuma ganin akwai abin da ke hannuna. In na sha, babu abin da ya rage mini sai in tsaya hannu wofi in jira a ji tausayina, wannan kuwa ya fi ƙishirwar bazara wuya. Kika yi wani ɗan ƙara kamar na kyanwa. Na yi bismilla na ɗauki ludayi, rana tsaka.

Da la'asar Gwaggo ta ja Iya bayan rumbu suka daɗe. Abin da suka faɗa ba wadda ta gaya mini har suka bar duniya. Na dai ga washegari Iya da kanta ta dama kunun kanwa ta kawo, ta zauna ta zuba mini ido har na shanye, haka kullum. Ta kuma je ta roƙi matar maƙeri, mai goyo, ta riƙa shayar da ke kafin nawa ya dawo; shi ya sa 'ya'yan gidan maƙera 'yan'uwanki ne na nono, kin san haka amma ba ki san dalili ba. Iya ba ta taɓa ambata mini Lawali ba, ni ma ban yi mata ba. Na yafe mata tun kafin in san na yi, don da iyakar saninta ta yi aiki. Dela ma yarinya ce a lokacin, ko da yake tsufa bai koya mata komai ba. Yafe wa kaina ne ya ɗauke ni shekaru. Kada ku zaci ƙwaryar fura ɗaya ta wanke. Damina nawa warin ruwan da aka tafasa kan itace ya zaunar da ni a ƙasa. Sai dai na san inda zan kai abin. Gwaggo ta koya mini in roƙa kamar mai sa ran za a ba ta, in tunanin ya dawo kuma kada in sake buɗe shari'ar da na riga na miƙa, in yi wa yaron addu'a da sunansa in tashi in kama aiki. Ta hana ni ƙona kayen. Ta ce a yage bangon baya, sauran a karanta wa mata. Na karanta wa duk wadda ta yarda ta saurara, wasu suka bi, wasu suka yi dariya.

Amma bari in koma makon nan. Kwana huɗu ina ci ina sha, nono shiru. Na fara jin zuciyata tana ce mini ai ga amsa nan, an ƙi. Rana ta biyar ina sallar azahar a ɗaki, na yi sujada, na kasa tuna ko ɗaya daga addu'o'in da na haddace da Larabci. Da Hausa na faɗa, goshina a ƙasa: Ya Allah, ni ce uwar Lawali, na ji tsoron mutane, ka yafe mini. Ban ji wata murya ba, ban ga wani haske ba. Ina zaune ina tahiya sai na ji ƙirjina ya yi tsam, gaban rigata ya jiƙe. Na san aikin kunu ne da fura, na karanta wannan a lakol, na kuma san wanda ya halicci gero. A tsakar gida kina kuka a hannun Dela, mata na zaune suna tankaɗe. Na yi sallama na fita ko kallabi ban gyara ba. Ban jira a miƙo mini ke ba. Na karɓe ki, na kira sunanki da ƙarfi yadda kowa zai ji, na nemi wurin zama nan tsakiyarsu. Dela ta buɗe baki.

"Dela," in ji Iya, ba ta ko ɗago daga faifanta ba, "tashi ki ba ta tabarma."

Kika kama, kika sha, kika sha, har barci ya ɗauke ki da shi a bakinki.